Layi Ashirin da Huɗu

Hertha, layi ashirin da huɗu suka yardar mini,
a kan takarda mai santsi da ba ta son tawada.
Na cika su da "lafiya lau" da "aiko mini safa."
Wannan kuwa wasiƙar da ba ta da ambulan ce,
a ƙarƙashin harshe nake ɓoye ta.

Kin tuna Ackroyd, ɗan sandan layinmu a Leeds?
Ran Talata ya zo kunci a kumbure,
na zaunar da shi a kujerar kicin,
na cire masa haƙori, ban karɓi ko sisi ba.
Ran Lahadi ya dawo da takarda.
Ya tsaya a ƙofa yana murza hula,
harshensa na ta komawa giɓin da na bar masa.
"Kwana uku ne, Likita. Ɗauko buroshi kawai."
Ke kuwa kika cusa mini rigar sanyi a tsakiyar Yuni.
Kin fi shi sanin tsawon kwana uku.

A Breslau sun ce ni ba Bajamushe ba ne.
Suka fasa allon ƙofata,
suka buga mini jan harafi a fasfo.
A nan aka duba fasfon, shi ɗin dai,
aka ce Bajamushe ne, ɗan ƙasar abokan gaba.
Na daɗe ina neman wanda zai yarda da haka,
sai ga shi na samu,
da bindiga rataye a kafaɗa.

Tsibirin ba laifi.
Masaukin masu shan iska ne aka zagaye da waya mai ƙaya,
har da allon matar gidan: a goge ƙafa kafin a shiga.
Safe da yamma saje na ƙirga mu,
lissafi bai taɓa cika masa ba.
Tsoho Pinkus, mai ɗaurin littattafai, ya ce a yi masa uzuri,
wa ya iya ƙirga mutanen da babu su?

Sai jirgin ruwa.
Ba a faɗa mana ina ba.
Aka yi mana kuɗin goro, mu da masu korarmu,
rami ɗaya, bokiti ɗaya.
Sojoji suka farke jakata da wuƙar bindiga,
kayan aikina, na mahaifina ne,
na ji ƙararsu ɗaya bayan ɗaya a ruwa.

Akwai wani matuƙi, yaro, da lanƙwasasshen gicciyen nan a damtse.
Kullum dare sai ya rera abin da za su yi mana.
Daren talatin waƙa ta tsaya.
Na same shi a duƙe yana dukan ƙarfe da goshi.
Hertha, na tsaya a kansa na daɗe.
Sannan na kwance waya daga gadon wani,
Pinkus ya riƙe masa kai.
Haƙori ba shi da fasfo.
Ya tofar da jini, bai dube ni ba.
Bayan kwana biyu ya ci gaba da waƙarsa,
amma iska na fita ta giɓin.

Yanzu muna wata jar ƙasa a ƙarshen duniya.
Taurarin nan ba su san ni ba.
Sun ce Satumba ce farkon tsiro.
In gari ya waye mana, ku dare ne,
sai in zauna da shayi ina lissafin jiragen da ke kanku.
Masu gadinmu tsofaffi ne, ɗaya ya ba ni bindigarsa in riƙe
don ya naɗa taba.

Layi na ashirin da huɗu na ɓata shi a kan safa.
Ga abin da na so in tambaya:
haƙorin Renate na gaba, mai girgiɗi,
ya faɗi?
Kada ki ɗaura masa zare, zai zo da kansa.
Ki sa shi a kwalin ashana.
Ina so in duba saiwar.